BABI NA HUƊU: KARAYAR KAREN FARAUTA DA HANYOYIN MAGANCE TA A YANKIN RUNKA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin kare a sana'ar farauta, da yadda ake zaɓen kwikwiyo a rene shi har ya isa shiga daji. A wannan babi kuwa za a dubi wata matsala ce da kan auka wa mafarauci bayan ya gama shan wahalar renon, wato karensa ya faɗa bakin wani kare da ya fi shi ƙarfi, a yi masa kaca-kaca, rauni ya warke amma tsoro ya ƙi barin zuciyarsa. Irin wannan kare shi ake cewa ya karaya, ko an karya masa lago, ko zuciyarsa ta mutu.

Matsalar ba ƙarama ba ce ga mai kare. Kafin kwikwiyo ya zama karen da ake dogara da shi a daji, sai an shafe shekara guda ko fiye ana ci da shi ana horar da shi. Haka kuma halaccin abin da kare ya kamo ya rataya ne a kan kasancewarsa horarre, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta nuna, malaman fiƙihu kuma suka bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in an aike shi zai tafi, in an kira shi zai dawo. Karen da ya karaya kuwa in an aike shi sai ya laɓe bayan ƙafar ubangijinsa. Abin da wannan babi zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, karaya abu ne da kare ya koya a rana guda, ba halin da aka haife shi da shi ba ne, don haka akwai hanyar da za a bi a sauya masa wannan karatu, matuƙar an fara kawar da rauni da cuta, an kuma bi shi a hankali.

4.1 Abubuwan da ke Haddasa Faɗa Tsakanin Karnuka

Runka gari ne a ƙaramar hukumar Safana ta jihar Katsina, a bakin Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasashen Safana da Batsari da Ɗanmusa ya dangana da jihar Zamfara ta yamma. Kusancin daji shi ya sa farauta da kiwo suka zauna da gindinsu a yankin, dukkansu kuwa sana'o'i ne da ke tafiya da kare. Idan aka lura, za a ga faɗan karnuka ya fi aukuwa a wurare huɗu.

Na farko shi ne fagen farautar gayya, wadda ake yi da rani bayan an kawar da amfanin gona. A ranar, mafarautan ƙauyuka daban-daban ke haɗuwa, kowa da karnukansa, karnukan kuwa ba su san juna ba. Da zarar an tayar da zomo ko gada, karnuka da yawa ne za su rufa masa baya, in ya faɗi kuma duk su taru a kansa. A nan ne ƙaramin kare da ya riga kai baki kan gamu da babban kare da ya iso daga baya. Na biyu shi ne lokacin barbara, wanda karya kan shiga sau ɗaya ko sau biyu a shekara, inda mazan karnukan gari kan taru suna bin ta. Na uku shi ne wuraren abinci, kamar mahauta da juji da bayan kasuwa. Na huɗu kuma shi ne iyaka, domin karen da ke gadin gida ko garken shanu a ruga ba ya barin baƙon kare ya ratsa ta gabansa.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata a ambata. Daga shekarun 2010 matsalar ɓarayin shanu da 'yan bindiga ta mamaye Dajin Rugu, har ta kai a watan Satumba na shekarar 2021 aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da Safana da Batsari. Wannan hali ya sa shiga can ƙuryar daji ya zama kasada ga mafarauci. Karen da aka saba fita da shi ya yini yana gudu, in aka bar shi a gari ba aiki, yawonsa zai koma juji da mahauta, inda faɗa ya fi sauƙin tashi. A ɗaya ɓangaren kuma darajar kare mai haushi da dare ta ƙaru, tun da shi ke fara jin motsin baƙo. Ke nan karayar kare hasara biyu ce, ta daji da ta gida.

4.2 Alamomin Karaya

Kare ba ya ɓoye tsoronsa ga wanda ya san shi. Alamomin da aka fi gani su ne:

(a) Cusa wutsiya tsakanin cinyoyi, da kwantar da kunnuwa, da sunkuyar da jiki idan ya hango wani kare.

(b) Karkarwa da haki ba tare da ya yi gudu ba, da yawan lasar baki da hamma, wani lokaci har da sakin fitsari.

(c) Ɓuya a ƙarƙashin rumbu ko a lungun danga, da ƙin fita ƙofar gida.

(d) Turjewa idan an ja shi da igiya, musamman in an nufi hanyar da aka kai masa farmaki.

(e) Ƙin cin abinci in akwai wani kare a kusa, ko da kuwa wanda suka tashi tare ne.

(f) Yawan gurnani da haushi da kai cizo ga duk karen da ya matso.

Wannan alama ta ƙarshe ita ce ta fi ruɗar mutane. Mai kare kan ga karensa ya ƙara zafi bayan faɗa, sai ya yi murna, ya ce ai ya zama namiji. Amma idan aka dube shi da kyau za a ga yana haushin ne yana ja da baya, nauyin jikinsa yana kan ƙafafun baya, wutsiya a ƙasa. Wannan ba jarunta ba ce, tsoro ne ya sanya rigar faɗa. Irin wannan kare shi ya fi haɗari ga yara, domin in ya rasa hanyar gudu sai ya ciji wanda ya fi kusa da shi.

4.3 Yadda Tsoro ke Kama Kare

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Wannan karin magana ya taƙaita abin da masana halayyar dabbobi suka gano. A cikin ƙwaƙwalwar kare, kamar ta ɗan Adam, akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, wanda aikinsa shi ne riƙe duk abin da ya zo tare da azaba. A lokacin da ake cizon kare, jikinsa na fitar da sinadaran tashin hankali irin su adirenalin da kotisol, ƙwaƙwalwar kuma ta ɗaure zafin cizon da duk abin da ke wurin: kamannin karen da ya yi cizon, da warinsa, da wurin da abin ya faru, da sautin ganga ko ƙaho ko ihun mafarauta. Daga ranar, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya tayar masa da hankali. Irin wannan koyo ba ya buƙatar maimaici, sau ɗaya ya wadatar. Daga baya kuma tsoron kan yaɗu, ya tashi daga karen da ya yi cizon ya koma kan duk kare mai irin launinsa ko girmansa, har ya game dukkan karnuka.

Masanin nan na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov (1849–1936), ya ga misalin haka da idonsa. A watan Satumba na shekarar 1924 ambaliya ta auka wa birnin Leningrad, ruwa ya shiga ɗakunan da yake ajiye karnukan bincikensa, da ƙyar aka fitar da su. Bayan ruwa ya janye, sai aka ga wasu daga cikin karnukan sun watsar da horon da aka daɗe ana ba su. Da aka sami lokaci suka fara dawowa daidai, aka gwada kwararo ɗan ruwa ta ƙarƙashin ƙofa, sai firgicin ya dawo wa wanda aka yi gwajin a kansa. Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, ba duka karnukan ne suka karaya ba, ko da yake ruwa ɗaya ne ya ci su, wato kowane kare da ƙarfin zuciyarsa. Na biyu, tsoron da ya kwanta yana iya tashi idan aka tuna wa mai shi.

Dangane da abin da ya sa wani kare ya fi wani saurin karaya, binciken da John Paul Scott da John Fuller suka gudanar a Amurka, wanda aka buga a shekarar 1965, ya nuna cewa tsakanin mako uku zuwa mako goma sha biyu na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon zama da 'yan uwansa karnuka da kuma mutane. A wasan kokawar da kwikwiyoyi ke yi ne suke koyon yadda ake nuna an sallama, da yadda ake gane karen da bai son wasa. Saboda haka kwikwiyon da aka raba da uwarsa tun bai yi ƙwari ba, aka rene shi shi kaɗai a ɗaure, ya fi saurin faɗawa cikin rigima, ya kuma fi wuyar farfaɗowa bayanta. Haka nan matashin karen da aka ci zarafinsa a fitarsa ta farko ya fi tsohon kare shiga haɗari, domin shi tsohon ya sha haɗuwa da karnuka an rabu lafiya, faɗa ɗaya ba zai shafe masa wannan ba.

4.4 Abubuwan da Ake Fara Dubawa

Kafin a ce kare ya karaya, akwai abubuwa biyu da dole a tabbatar ba su ne ke damunsa ba, wato rauni da ciwon hauka.

4.4.1 Rauni

Cizon kare mayaudari ne. Abin da ido ke gani 'yan huji ne guda biyu ko huɗu, amma da yake kare in ya kama yakan girgiza kai, naman da ke ƙarƙashin fata kan yage fiye da yadda ake zato. Bayan kwana biyu ko uku sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Karen da ke fama da irin wannan zogi zai guji 'yan uwansa don kada su taɓa shi, zai ƙi gudu, zai kuma yi gurnani in an shafa shi. Muddin ciwo na nan, babu horon da zai yi tasiri.

Abin da ya dace shi ne a ɗaure bakin karen da tsumma mai laushi don kada zafi ya sa ya ciji mai yi masa magani, a aske gashin wurin, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a riƙa ɗauraye shi da ruwan gishiri mai ɗumi, a kuma kare shi daga ƙuda. A gargajiyance akan yi amfani da ruwan bagaruwa wajen wanke rauni, kasancewar tana da sinadarin da ke ɗaure nama, wanda shi ne dalilin da ya sa majema ke jima da ita. Sai dai cusa toka ko ƙasa ko baƙin man mota a cikin huji yana toshe hanyar da mugunya za ta fita, shi kuma baƙin mai guba ne ga karen da zai lashe shi. Haka kuma ƙwayoyin kashe zogi na mutane, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna ci wa kare ciki da ƙoda. Idan cizon ya kasance a wuya ko ƙirji ko ciki, ko kare ya kasa taka ƙafa, to aikin na ma'aikacin lafiyar dabbobi ne.

4.4.2 Ciwon Haukan Kare

Wannan shi ne wurin da rayuwar mutane ta shigo cikin maganar. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke bin yawu ta shiga jiki ta hanyar cizo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samun ta. Da zarar alamominta sun bayyana, mutuwa ce ke biyo baya. Abin da ya sa ta shafi wannan nazari shi ne, farkon alamunta a jikin kare sauyin hali ne: kare mai fara'a ya koma ɓuya a wuri mai duhu, abin da mai shi zai iya ɗauka karaya ce.

Ana iya rarrabe su ta hanyoyi kamar haka. Karaya takan bayyana ne nan take ko cikin 'yan kwanaki bayan faɗa, hauka kuwa yawanci sai bayan makonni, wani lokaci watanni. Karayayyen kare ya san abin da yake tsoro, in babu wani kare a kusa zai ci abinci, ya kaɗa wa ubangijinsa wutsiya. Mai ciwon hauka kuwa kullum ƙara lalacewa yake yi, muryar haushinsa ta sauya, yawu ya riƙa dalala, ya ciji itace ko dutse ko sarƙarsa, ƙafafun baya su shanye, ya mutu cikin kamar kwana goma. Akwai kuma nau'in da ba ya sa faɗa, sai dai muƙamuƙi ya saki, baki ya tsaya a buɗe. A nan ne mai kare kan zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu don ya ciro, ya kwashi cutar. Ya kamata kuma a sani cewa gudun ruwa alama ce da ake gani ga mutum, ganin kare na shan ruwa ba shaida ba ce ta cewa lafiyarsa lau.

Saboda haka tambayar farko bayan faɗa ita ce, wane kare ne ya yi cizon? In sananne ne, sai a sa masa ido kwana goma. Idan ya wuce kwana goman lafiya, to a ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Idan kuwa baƙon kare ne da ba a san inda ya fito ba, ko ya mutu, ko ya ɓace, to sai a ɗaure wanda aka ciza nesa da yara da dabbobi, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi a ƙasashe da dama ita ce, karen da ba a taɓa yi wa rigakafi ba a tsare shi wata huɗu zuwa shida, ko a kashe shi. Duk mutumin da ya sami cizo ko ƙarzuna wajen rabon faɗa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin karnuka, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na cikin masu sarrafa ta, ana fara yin ta ne tun kwikwiyo na da wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Rigakafi dai ya fi magani.

4.5 Matakan Dawo wa Kare da Zuciyarsa

Tushen hanyar da za a bayyana a nan ya samo asali ne daga ayyuka biyu. A shekarar 1924 wata masaniya Ba'amurkiya, Mary Cover Jones, ta raba wani yaro da tsoron zomo ta hanyar ajiye zomon a keji daga nesa lokacin da yaron ke cin abincin da yake so, tana matso da kejin kaɗan-kaɗan a kowace rana, har ya kai yaron na wasa da zomon. Daga baya Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya gwada irin wannan a kan kyanwoyin da aka firgita, ya kuma bayyana sakamakon a shekarar 1958. Abin da suka dogara a kai shi ne, tsoro da jin daɗin abinci ba sa zama wuri guda, wanda ya fi ƙarfi shi ke korar ɗayan. Dabarar ita ce a rage ƙarfin abin tsoron har abinci ya rinjaye shi.

4.5.1 Keɓewa da Hutu

Mataki na farko shi ne a ba kare wurin da zai kwanta ba tare da fargaba ba, a cikin gida, a inuwa, inda wani kare ba zai iso shi ba. Kada a ɗaure shi a turke a fili inda karnukan unguwa ke wucewa, domin ɗaurarren kare ba ya iya gudu, kuma duk wucewar da aka yi ta gabansa ƙarin tsoro ne. A ajiye masa ruwa, a riƙa ba shi abinci a kan lokaci, mai shi da kansa ya riƙa ba shi, yana kiran sunansa da murya mai taushi. Idan ya zo ya jingina da mutum, babu laifi a shafa shi, lallashi ba ya ƙara tsoro. Wannan hutu kan ɗauki mako ɗaya ko biyu, gwargwadon warkewar rauni.

4.5.2 Nisa da Abinci

Bayan ya warke sai a fita da shi da igiya, da sassafe ko da yamma lis, zuwa fili kamar gonar da aka girbe. Wani mutum ya tsaya can nesa riƙe da kare mai sanyin hali. Nisan da ake buƙata shi ne wanda karayayyen zai hango ɗan uwansa amma bai fara karkarwa ba, ko taku hamsin ne ko ɗari. Da zarar ya kalli wancan kare sai a jefa masa abin da ya fi so, kamar ɗan guntun nama ko kayan ciki ko busasshen kifi, abin da ba ya samu kullum. In an janye wancan karen sai a daina bayarwa. Ta haka zai fahimci cewa ganin kare shi ke kawo nama.

Ma'aunin da ake bi shi ne bakin karen. In ya karɓa ya ci, nisan ya yi daidai. In ya ƙi ci, an matso da yawa, sai a ja baya. Minti biyar zuwa goma sun isa a kowace fita, a kuma tashi tun yana cikin natsuwa. Ba a rage nisan sai an ga ya hango kare ya waiwayo yana duban hannun mai shi, sannan a rage 'yan taku. Igiya kuma a bar ta sako-sako, domin jan ta da ƙarfi na sanar da kare cewa shi ma mai shi a tsorace yake. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

4.5.3 Haɗa shi da Tsohon Kare

Wannan mataki ba baƙo ba ne ga mafarauta, domin ta haka ake koya wa kwikwiyo farauta tun farko, wato a sa shi bayan gogaggen kare. Wanda ya fi dacewa shi ne tsohon kare ko karya mai haƙuri, wadda ba ta damu da shi ba. Ba a haɗa su gaba da gaba, domin a wurin karnuka tunkarar juna ido cikin ido neman faɗa ne. Sai dai a yi tafiya da su gefe da gefe, fuska ɗaya, da rata a tsakani, ko a sa tsohon a gaba karayayyen na biye yana sunsunar sawunsa. Idan kwanaki suka tafi sai a rage ratar, har a bar su su sunsuni juna na ɗan lokaci kaɗan a raba su. Abinci kuwa kowa da kwanonsa, nesa da juna. In ya saba da wannan, sai a sauya masa wani karen, da wani wurin, domin sabo da kare ɗaya ba ya nufin ya saba da sauran.

4.5.4 Komawa Daji

Ba a mayar da shi fagen gayya kai tsaye. Akan fara ne da 'yar farautar bayan gari, shi da abokinsa guda, a kan ƙananan namun da ba sa mayar da martani, kamar kurege da zomo. Abin da ya kama a yanka, a ba shi rabonsa nan take, ba tare da wani kare ya matso ba. Idan ya nuna yana tsoron ganga ko ƙaho, su ma sai a bi da su yadda aka bi da kare, wato daga nesa tare da abinci. Ranar da za a koma gayya kuma a riƙe shi a gefen taro, a sake shi bayan an bazu. Karen da ya cije shi kuwa, in ana iya kauce masa, kaucewar ta fi.

4.6 Kurakuran da ke Ƙara Dagula Lamarin

Kuskure na farko shi ne duka. Mai kare kan ji kunyar abokan farauta idan karensa ya gudu, sai ya huce a kansa. Abin da kare ke koya a nan shi ne, ganin wani kare na jawo masa azaba biyu, ta cizo da ta sanda, kuma wanda yake gudu zuwa wurinsa ma ba amintacce ba ne. Dukan karen da ke gurnani kuma yana koya masa ya daina gargaɗi, ya riƙa cizo ba sanarwa.

Na biyu shi ne jefa shi cikin karnuka da ƙarfi, ko sake haɗa shi faɗa da nufin ya rama ya huce. Ko da ya yi nasara, an koya masa faɗa ne, karen farauta kuwa nama ake so ya bi, ba ɗan uwansa ba. In kuma aka sake kayar da shi, karayar ta ninku. Wani lokaci akan ga karen da aka tilasta ya yi tsit, a zaci ya saba. Binciken Martin Seligman da abokan aikinsa a Amurka a shekarar 1967 ya nuna cewa karen da aka hana hanyar tsira daga azaba yakan daina ƙoƙari gaba ɗaya, ko da daga baya an buɗe masa hanya. Shirun irin wannan kare na sallamawa ne, ba na warkewa ba.

Na uku shi ne horo da yunwa, ko ɗura masa wani abu da sunan ƙara masa zafi, ko barkono ne ko ƙwayar bugarwa. Yunwa na ƙara faɗa a kan abinci, wanda shi ne mafarin matsalar. Dangane da magungunan tsari, sanannen abu ne cewa mafarauta mutane ne masu riƙo da su, don haka ba abin mamaki ba ne a danganta karayar gwanin kare da baki ko sammun abokan hamayya. Wannan nazari bai shiga hukunta wannan imani ba. Abin lura kawai shi ne kada neman makari ya sa a jinkirta wanke rauni ko tsare karen da ake zargi da hauka.

4.7 Karen da Bai Dawo Daidai ba

Wani kare kan murmure cikin makonni, wani sai bayan watanni, wani kuma ba zai sake shiga taron karnuka ba har abada. Ko wanda ya warke ma, tsoron na iya motsawa wata rana, kamar yadda aka gani a karnukan Pavlov, sai a koma matakin baya a sake tahowa. Wanda ya kasa komawa gayya bai zama banza ba. Yana iya farautar mutum ɗaya da karensa, yana iya gadin gida ko gona, domin kare mai fargaba ya fi kowa saurin jin motsi. Mafita mafi sauƙi ga mai kare ita ce ya sayar da shi ga fataken karnuka, irin waɗanda ke kai su kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, ko ya kore shi ya shiga gari. Korar ita ce mafi muni, domin karen da ba shi da mai shi ba ya samun rigakafi, shi ne kuma zai ciji na wani gobe. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ya isa nuni ga cewa dabbar da ta yi wa mutum aiki tana da haƙƙi a kansa.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an kawo wuraren da faɗan karnuka ya fi aukuwa a yankin Runka, da alamomin karaya, da yadda tsoro ke kama kare. An nuna wajibcin fara duba rauni da ciwon hauka, sannan aka jero matakai huɗu na dawo wa kare da zuciyarsa, da kurakuran da ke mayar da hannun agogo baya. Daga bayanan da suka gabata ana iya cewa kayan aikin duk suna hannun mafarauci: igiya, da guntun nama, da tsohon kare, da fili. Abin da ya rage shi ne haƙuri, da kuma shugabannin sana'ar irin su Sarkin Dawa da Sarkin Baka su sa baki wajen ganin an yi wa karnukan farauta rigakafi kafin a buɗe farautar kowace shekara. A babi na gaba za a dubi sunayen da mafarauta ke laƙaba wa karnukansu da kirarin da suke yi musu.